Kayan Shafe da Ɗakin Mai Jego

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu da mutanen gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan taro, wakilin sarki, ranka ya daɗe. Mai girma wakilin kumandan, wanda ya taso tun daga Magarya, sannu da hanya. Liman da malamanmu, Allah ya gafarta muku. Mai garin Sassumbrum da masu unguwanninsa, mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, arɗo da mutanen rugage da suka baro garke suka zo, baƙinmu na Yekuwa da suka yi sammako, iyayena mata da ke inuwar tsamiya, yayyena da ƙannena, da ku ƴan matan da ke bayan zana kuna ƙus-ƙus, ku ma ina gaishe ku, kuma ku sani ina jin ku: assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ina godiya ga Allah da ya kai mu kaka lafiya, gero ya shiga rumbu, wake ya shiga, gyaɗa ta tafi ma'auna. Ina godiya ga shugabanni da suka ga ya dace mace ta tsaya ta yi magana a kan aikin mata. Ina godiya ga matan garin nan da na ƙauyukan da ke kewaye da mu, waɗanda shekara goma sha tara ke nan suna buɗe mini ƙofofin ɗakunansu a ranar da ba a buɗe wa kowa. Wanda bai san ni ba, ni ce Tamu ungozoma. Da yawa daga cikin masu ƙus-ƙus ɗin can ni na fara yi musu wanka a duniya, saboda haka su yi shiru.

An ce in yi magana a kan shafen ɗaki, tun da aikin gona ya ƙare, hannun mata ya sami sarari, sanyi kuma yana tafe, za a fara hura wuta a ɗakuna. An ce in faɗi irin kayan aikin da ya kamata mace ta zaɓa kafin ta ɗora wa bangonta farar ƙasa. Na ga wasu maza sun yi murmushi, wai wannan ma har sai an tara gari a kansa? Ku yi murmushinku. A cikin ɗakin nan da kuke rainawa aka haife ku, a cikinsa kuke jinya, a cikinsa kuma za a yi muku wankan ƙarshe.

Kafin in fara, akwai abin da zan ajiye a gabanku, don kada ku ɗauka daga takarda nake karanto muku. Ƴata Sa'a, autata, wadda ke aure a wata ruga kusa da Yekuwa, tana zaune a cikin matan can tare da uwar mijinta, Yaya Dije. Shekara biyu ke nan ba ta kwana a gidana ba. Yanzu ta sake yin nauyi. Na san ba a faɗin wannan a gaban maza, amma ni ungozoma ce, kunyar irin wannan magana ta daɗe da barina. Ina so ta zo ta sauka a ɗakina. Haihuwar fari ce al'ada ta ce a yi a gidan iyaye. Ta biyu kuwa zaɓin mace ne da na mijinta, ba ni da ikon tilasta ta. Abin da ya raba ni da ita kuma, kayan shafe ne. Saboda haka duk abin da zan faɗa muku yau, na biya kuɗin karatunsa da abin da ya fi kuɗi.

Abu na farko shi ne mazubi, wato abin da za ki jiƙa farar ƙasarki a ciki. Ki nemi tukunyar ƙasa ko babban kasko wanda mai bai taɓa shiga ba. Na ce mai, ina nufin kowane iri: man gyaɗa, man shanu, man kaɗe, kitsen miya. Ƴan uwana na ruga, na san ƙoranku sun fi na kowa tsabta, na san kuna wanke su har su yi ƙyalli, amma ƙwaryar da ta sha nono shekara guda ta sha maiƙo har cikin namanta, ba ta aikin bango. Maiƙo da farar ƙasa ba su zama wuri ɗaya. Idan ya shiga kwaɓin, ko kaɗan ne, farar za ta hau bango ta yi kyau a ido, amma ba ta kama ba, tana zaune ne kawai kamar baƙuwa, tana jiran ranar tafiya.

Ni kuwa, da Sa'a za ta zo goyon cikinta na fari, me na yi? Na dubi tukwanen gidana na ga sun yi mini ƙauyanci. Na yi lakwal a Damagaram, aka kai ni gaba na koyi aikin ungozoma, na ga yadda ake shafe gidan likita da bokitin ƙarfe, sai na ce ni ma ƙarfe zan sa. Na ɗauko garwar kananzir da ta ƙare, na ɗauraye ta sau biyu, na shanya ta a rana, na ce ta wanku. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Abu na biyu, rariya da ƙaro. Farar ƙasa ko daga ina aka haƙo ta, tana zuwa da tsakuwa da saiwar ciyawa. Ki daka ta, ki jiƙa ta kwana ɗaya, ki tace ta da rariya mai ƙananan idanu; idan ba ki da ita, tsohon mayafi fari ya isa, muddin ba rinanne ba ne, don shuni zai sauka ya mai da miki ɗaki kamar gajimare. Kada ki ɗauki rariyar tuwo, ki gama ki mayar da ita madafa, mai gida ya kwana yana tauna ƙasa yana zagin mai niƙa. Ƙaro kuma shi ne abin da ke riƙe farar a jikin bango. Idan kin je saye, ki ɗaga shi sama ki duba: wanda haske ke ratsawa shi ne naki, baƙi mai ɓawon itace a jiki ki bar wa mai shi. Ki narka shi daban a ruwan ɗumi, ki tace, sannan ki zuba. A nan kam, jama'a, ban yi kuskure ba. Rariyata mai kyau ce, ƙarona mai kyau ne. Na faɗa ne don kada ku ce komai na Tamu ɓatacce ne.

Abu na uku shi ne babba, kuma a kansa zan daɗe: mashafi, abin da hannunki zai riƙe ya taɓa bangon. Iyayenmu da guntuwar fatar tunkiya mai gashi suke yi, kuma har yau ban ga abin da ya fi ta a bangon ƙasa ba. Amma fata ma suna da yawa. Kada ki yanko daga fatar layya da kika shanya a kan danga, wannan ɗanya ce, akwai kitse a jikinta, kuma da ta jiƙa gashin zai bi bango, ki wayi gari ɗakinki ya yi gemu. Ki je wurin majemi, ki ce jemammiya kike so, ta wajen wuya, inda gashi ya fi kauri. Ki kama gashin da yatsu biyu ki ja da ƙarfi a gabansa. Idan ya biyo hannunki, ki ajiye masa abinsa ki yi masa sallama. Ki shinshina kuma. Fatar da ta jemu ba ta ƙarni. Na ga Illa majemi yana sosa ƙeya. Ba da kai nake ba, Illa, taka ba ta zuba, amma daga yau ka shirya, duk matan garin nan za su zo suna jan gashi a rumfarka. Wadda ba ta sami fata ba, ta ninka tsumman saƙi mai laushi, wankakke, ta ɗinke shi daidai tafin hannunta.

Dalilin da ya sa ake son laushi shi ne, bangonmu ƙasa ne, yaɓe ne, yana da fuska kamar ta mutum. Sai an share shi da tsintsiya mai laushi, an toshe tsagarsa, an yayyafa masa ruwa ya sha, sannan a shafa masa farar da ruwa-ruwa, a hankali, daga sama zuwa ƙasa. A bar ta ta bushe, a sake. A bar ta ta bushe, a sake. Hannu uku marasa kauri sun fi hannu ɗaya mai kauri. Wadda take gaggawa kada ta fara.

Ni kuwa na je Damagaram karɓar magunguna, na shiga wani kanti, na ga buroshin Nasara mai jan mariƙi da baƙin gashi mai tsauri, an ɗaure bakinsa da farin ƙarfe. Na saye shi. Mai kantin bai cuce ni ba, ban tambaye shi na wane aiki ne ba, ban kuma gaya masa irin bangona ba. Kyansa kawai na gani, na hango matan unguwa suna kallona da shi. Buroshin nan ba shi da aibu a inda aka yi shi dominsa, wato bangon siminti da ƙofar katako. A kan yaɓe kuwa ƙaya ne. Yana kankare fuskar bangon, ya tayar da garin ƙasa, ya cakuɗa shi da farar, ya kuma ɗebo kwaɓi da yawa ya lafta da kauri.

Ranar da nake aikin, Iya Ɗela ta leƙo. Kun san ta duka, ga ta can a gindin tsamiya tana yi kamar ba ta ji. Rabin ɗakunan amaren garin nan ita ta shafe su tun kafin a haife ni. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Tamu, wannan abin na wankin doki ne ko na tsefe kan aljani?”

Na ce, “Iya, buroshi ne. Zamani ya wuce fatar tunkiya.”

Ta ce, “To. Ni dai ban ji an ce bangon ma ya shiga lakwal ba.” Ta juya ta yi tafiyarta.

Na gama a yini ɗaya abin da take yi a yini huɗu. Ɗakin ya yi fari tas. Mata suka zo kallo, na ji daɗi.

Yanzu ku saurari abin da ya biyo baya, musamman ku da za ku aurar, da ku da za ku karɓi goyon ciki a bana. Ɗakin mai jego ba kamar sauran ɗakuna ba ne. Kwana arba'in ana hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa, ana shigo da ruwan zafi, tururi yana tashi ya jiƙa bango, wuta ta busar da shi, tururi ya sake jiƙa shi, wuta ta sake busar da shi. Shafen da zai yi shekara a wani ɗaki, a ɗakin jego kwana goma ya isa a san gaskiyarsa.

Sa'a ta sauka lafiya a hannuna, ta sami ƴa mace. Aka yi suna, aka sa mata Fadi. Bayan suna da kwana uku idon jaririyar ya fara ja, yana ruwa, yana kwantsa, ba ta iya buɗe shi da safe sai an jiƙa. Na wanke, na ɗiga magani, ya lafa, washegari ya dawo. Ni da ke warkar da idon ƴaƴan mutane, na kasa na jikata. Raina ya ɓaci, kuma ku da kuka san ni kun san idan raina ya ɓaci sai na sami wanda zan ɗora wa.

Wata safiya ɗakin cike da mata ƴan barka, har da Yaya Dije da ta zo duba jikarta, na ɗauki yarinyar na ga gari-gari a girarta da cikin kunnenta. Na ce wa Sa'a, “Ke wace irin uwa ce? Barci kike yi, ki bar ƴa tana birgima a toka?”

Ta ce, a hankali, “Inna, ba toka ba ce. Daga sama yake zubowa.”

Na ce, “Daga sama? Ɗakin da na shafe da hannuna? Nemi wani abin ki ɗora wa ragwancinki.” Ban tsaya nan ba. Na ce, “Na karɓi haihuwar da ban san adadinta ba a ƙasar nan, ban taɓa ganin uwar da ta kasa tsare idon ƴarta kwana goma ba, sai wadda na haifa.”

A gaban mutane na faɗa. A gaban uwar mijinta na faɗa. Yarinya mai ɗanyen jiki, wadda ba ta gama sanin yadda ake riƙe jariri ba, wadda ta zo gidan uwarta don a lallaɓa ta. Ta karɓi ƴarta ta juya fuska wajen bango, ta lulluɓe su biyu da zane. Ni a zatona fushi take yi. Ashe rufe yarinyar take yi daga abin da ke zubowa.

Ranar kwana goma sha tara da haihuwa, mijinta Hamman ya zo da takarkari. Ita ta aika masa. Ta fito da ƴa a goye, ta durƙusa a gabana ta ce, “Inna, sai wata rana.” Ina tsintar wake a faifai. Na ce, “Allah ya kiyaye hanya,” ban ɗaga kai ba.

Kun san abin da ake cewa ga macen da ta bar gidan iyayenta kafin arba'in. Kun sani, domin wasunku sun faɗa. An ce ba ta da haƙuri. An ce ba ta jin magana, an ce auta ce an sangarta ta, an ce Tamu da ke gyara ƴaƴan mutane ta kasa gyara tata. A bakin rijiya aka faɗa, a kasuwa aka faɗa, aka kawo mini har gida da sunan jaje. Ni kuma na yi shiru na bari ana faɗa, domin maganar tana wanke ni.

Idon jaririyar ya warke cikin mako guda a bukkar Yaya Dije, bukkar zana, wadda ba ta san farar ƙasa ba. Labari ya zo mini, na ce ikon Allah. Ikon Allah ne kuwa, amma ban tambayi kaina komai ba.

Sai bayan wata guda Iya Ɗela ta zo aron rariya. Na ce tana rataye a ɗakin, ta shiga ta ɗauka. Ta shiga ta daɗe. Can ta kira ni, “Tamu, zo.” Na shiga na tarar da ita tsaye a kan gadon, daidai inda mai jego ke sa kai. Ta kama gefen baƙin zanenta ta goga a bango sau ɗaya, ta nuna mini. Ya yi fari kamar an tsoma shi a gari. Ta buga bangon da tafin hannu, sai ga farar tana saukowa ɓawo-ɓawo a kan tabarma. Ta ɗauki ɓawo ɗaya ta kai mini hanci ta ce, “Shinshina.” Na shinshina. Kananzir.

Ta ce, “A nan jaririyar take kwana?”

Na ce, “A nan.”

Ta ce, “Kwana nawa?”

Ta ɗauki rariyar, ta kai bakin ƙofa, ta waiwayo ta ce, “Yarinyar nan ta fi ki hankali, Tamu. Ta ɗauke ƴarta, ta kuma bar miki girmanki.”

Wannan shi ne abu na huɗu, kuma shi ne na ƙarshe a cikin kayan aiki, ko da yake ba a sayar da shi a rumfar kowa da wannan suna: guntun baƙin zane. Idan kin gama shafe, kada ki yarda da idonki, kada ki yarda da yabon maƙwabta. Ki hura wuta a ɗakin kwana uku, ki ajiye tukunyar ruwan zafi a ciki safe da yamma, sannan ki goga baƙin zane a bango, sama da ƙasa da saitin kan gado. Idan ya fito baƙi, shigo da mai jego. Idan ya fito fari, ki kankare ki sake, ko da kin gaji, ko da an yi miki dariya.

Akwai ƙaramin abu da na tsallake, bari in faɗa don maza. Na sha ganin mace mai ciki a tsaye kan kifaffen turmi tana miƙa hannu saman bango, mai gida yana zaure yana kaɗa ƙafa. Turmi ba tsani ba ne. Ku ɗaura mata tsani mai ƙarfi, ko ku ɗaure mashafin a bakin gora ta yi daga ƙasa, ko ku hau da kanku, farar ƙasa ba ta cire wa namiji gemu. Na gama da ku.

Za ku ce, to, tun da kin gane kuskurenki tun wancan lokaci, me ya hana ki tafi Yekuwa? Tafiyar hantsi ce. Ni ma na tambayi kaina. Na saba ni ce mai faɗa, ni ce mai gyara, ni ce wadda ake durƙusa wa. Bakina ya saba da fitar da hukunci, bai saba da ɗaya maganar ba. Na aika da sabulu, aka ce an gode. Na aika da kanwa da gero, aka ce an gode. Na aika da zane da ƴan kunne na yarinya, aka ce an gode ƙwarai. Kalma ɗaya ce ban aika ba, kuma ita kaɗai ake jira. Iyaye mata, ku ji wannan daga bakin wadda ta fi ku faɗa: tarbiyya wajibi ce, kuma ban janye ko ɗaya daga cikin faɗan da na yi wa ƴaƴanku a kan tsabta ba, amma idan ƴarki ta ce miki abu yana zubowa daga sama, ki ɗaga kai ki duba kafin ki buɗe baki.

Da aka gama girbin bana na ɗauki tsohuwar hauya na kankare ɗakin nan har sai da jar ƙasa ta fito. Na sake yaɓe. Na sayi sabon kasko. Na je rumfar Illa na ja gashin fata har ya ce, “Inna Tamu, tunkiyar ta riga ta mutu, ki ji tausayinta.” Iya Ɗela ta zauna a kan kujera a bakin ƙofa kwana huɗu tana ba ni umarni kamar ƴar koyo, kuma na san ta ji daɗin wannan fiye da kima. Hannu uku na yi. Na hura wuta kwana uku. Jiya Iya Ɗela ta goga zanenta.

Ba zan faɗi yadda ya fito ba, domin na taɓa yabon aikin hannuna, kun ji inda ya kai ni.

A gaban mutane na ɓata sunan ƴata, a gaban mutane ya kamata in wanke shi. Jama'ar Sassumbrum, jama'ar Yekuwa, ku zama shaida: Sa'a ba ta yi ragwanci ba, ba ta yi rashin kunya ba, ba ta yi rashin haƙuri ba. Gaskiya ta faɗa aka ƙaryata ta, ta ga ƴarta tana cutuwa ta ɗauke ta, kuma har yau ba ta gaya wa kowa laifin wane ne ba. Duk wadda ta faɗi wata magana a kanta a bakin rijiya, ta koma bakin rijiyar ta faɗi wannan.

Yaya Dije, kin riƙe mini ƴa da jika a lokacin da ni na sake su, ba ki taɓa aiko mini da baƙar magana ba, Allah ya saka miki. Ina roƙon ki, idan an tashi daga nan, ki biyo ta gidana da baƙin zanenki, ki goga da hannunki. Abin da kika gani, shi za a bi.

Ke kuma Sa'a, ɗago kanki, ba faɗa zan yi ba. Na yi miki laifi. Ki yafe mini. Ba sai kin amsa a nan ba, kuma idan kin zaɓi ki sauka a Yekuwa, zan ɗauko akwatina in zo can in karɓe ki, in uwar mijinki ta ba ni wurin shimfiɗa tabarma. Amma ɗakin yana nan, na kuma tara itacen kwana arba'in cif, ba goma sha tara ba.

A'a, Yaya Dije, zauna abinki, ban ce yanzu ba. Ku ba ta hanya mana. Wa ta riƙo? Fadi ce? To. To, kawo ta. Ranka ya daɗe, a yi mini haƙuri kaɗan. Rabona da ɗaukar yarinyar nan tun ba ta iya buɗe ido.

Kai, ta yi nauyi. Dube ni nan, Fadi. Dube ni. Jama'a, idonta garau. Uwarki ce ta ce a kawo ki? To, na ji. Na ji, Sa'a. Share fuskarki, mutane na kallo.

Bari in rufe, tun muryata ba ta ba ni kunya ba. Allah ya ja zamanin shugabanninmu, ya ba su ikon yin adalci. Allah ya sa albarka a rumbunanmu da garkunanmu. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka haifa, ya sa ɗakunanmu su zama wurin samun lafiya ga duk wanda ya kwanta a ciki. Allah ya ba ƴaƴa haƙurin zama da iyaye, ya ba iyaye kunnen sauraron ƴaƴa. Waɗanda suka zo daga nesa, Allah ya mai da kowa gidansa lafiya. Waɗanda kuma za su biya ta gidana, an riga an ɗora tukunya.

Wassalamu alaikum. Na gode.